Maliki da Kukokin Kufai

Maliki ɗan Usman taubashina ne. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, na kuma girme shi da shekara goma sha ɗaya, don na ci naman sunansa. Garinmu Unguwar Kabo, a ƙasar Daura, daga mu sai 'yan gonaki kaɗan ka taka Nijar. Maliki manomi ne kamar kowa, gero da wake da ɗan riɗi, amma ba da noma aka san shi ba. Da hawan kuka aka san shi.

Sai na fara bayanin kukokin kafin in dawo kansa. Inda muke zaune yanzu ba nan kakanninmu suka zauna ba. Tsohon garin yana gabas da mu, ba nisa, daga bakin masallacin Juma'a ana hango shi. Da aka fitar da hanyar mota, rijiyar can kuma ta rufta, sai mutane suka riƙa tasowa gida-gida suna dawowa bakin hanya. Katangu suka narke, wurin ya zama kufai. Abin da ya rage kukoki ne guda ashirin da uku, kowace tana tsaye inda tsakar gidan wani yake a da. Ƙasar wurin babu mai noma ta, duk tsakuwa ce da fasassun tukwane da ramuka, sai awaki. Amma kowace kuka da masu ita. Har yau da sunan mai tsohon gidan ake kiranta, kukar Sadiq Maƙeri, kukar Ummi Mai Koko, haka dai, alhali jikokinsu ma sun yi furfura.

Rabon kuma ba kuka ɗaya mutum ɗaya ba ne. Mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya biyar, sai a ce rassan gabas na ɗakin wance ne, na yamma na wane. Wata kukar karɓa-karɓa ake yi, bana wannan gida, baɗi wancan. Wata an ba 'ya mace ita kaɗai a maimakon gona. Babu wanda ya taɓa rubuta wannan. Mai hawa ne ke riƙe da shi a ka, domin shi ke saran reshe, shi ke leƙowa daga sama ya ce wannan tulin na gidan wane ne, a ja shi gefe.

Kawu Usman shi ne mai hawa kafin Maliki. Ya fara ɗora shi tun yana da ƙuruciya, ya rasu ya bar masa barandami da guduma. Lokacin aikin ɗan kaɗan ne: idan an yanke gero, kafin ganye ya fara rawaya. Tun da damina Maliki ke feƙe turaku na itacen aduwa, tsawon taƙi ɗaya da rabi, ya tara su cikin buhu. Jikin kuka sulɓi gare shi, babu wurin kamawa, don haka yana hawa yana kafa turke, ya taka wannan ya buga na sama, har ya kai mararrabar rassa. Daga nan ya sare ƙananan rassa masu ganye, manyan ba ya taɓa su. Mata na ƙasa da tabarmi suna tsigewa. A inuwa ake shanya ganyen, idan rana ta buge shi sai ya koɗe, miyar ta fito ba kyan gani. Ladan Maliki kwando ɗaya cikin huɗu. Da shi yake ci, ya kai saura kasuwar Babban Mutum ko Kongolam.

Sau ɗaya ya taɓa faɗowa, turke ya karye masa a kukar Sadiq, ya goce ƙugu. Tun daga nan tafiyarsa ta karkace. Nakan ce masa a ƙasa agwagwa ne, sai ya hau sama yake zama mutum. Shi kuma ya ce duk tsawon rayuwata ban taɓa hawa abin da ya fi jaki tsayi ba, shi ma jakin sai an riƙe mini. Ban da irin wannan, Maliki ba mai yawan magana ba ne. Idan ya je gindin kuka sai ya tsinki ganye ya tauna tukuna. Shi ya san wadda ganyenta ke da santsi da zaƙi, ya san masu ɗaci. A cikin ashirin da ukun nan, huɗu ganyensu ɗaci da gashi-gashi, ko a shekarar yunwa sai dole ake taɓa su.

Shekara biyar ke nan da abin da zan faɗa ya fara. Garin ya soma buɗewa, mutane na yanka gonakin bakin hanya suna sayar da fegi. Ƙaramar hukumarmu ta zauna ta yanke cewa kowace gunduma a ware fili na jama'a, wurin shaƙatawa da wasan yara, tun kafin gine-gine su cinye ko'ina. Ni ban ga laifin wannan ba, har yau ma ban gani ba. Cikin damina, ganye ya cika, aka turo wani ma'aikacin sashen filaye, Mansur, matashi mai ladabi, da na'urar awo a kafaɗa. Ya zaga gari kwana biyu, idonsa ya faɗa kan kufai. Aka tara mu dattawa a ƙofar gidan dagaci.

Mansur ya tambaya filin na wane ne. Dagaci ya juyo ya dube mu, ni ne na fi kusa da shi, sai na ce ba na kowa ba ne. Ya tambaya ko ana noma shi, muka ce a'a. Ya tambaya ko akwai kaburbura, muka ce makabartar tsohon gari tana arewa, ba ta ciki. Ya sake tambaya ko akwai mai ja, babu wanda ya ja. Murna ma muke yi, gara kufai da a ɗauke gonar wani. Muka dangwala hannu mu tara. Ranar Maliki ya tafi Kongolam.

Ko da yana nan ban san ko zai yi magana ba. A wurinmu idan ka sayi gona, itacen da ke cikinta ba naka ba ne sai an faɗa a gaban shaidu. Ni kaina ina da tsamiya a gonar da kakana ya sayar tun ba a haife ni ba, kuma mai gonar bai taɓa tsinkar ko ɗaya ba. Don haka babu wanda ya tuna da kuka a taron nan, kamar yadda ba wanda zai tuna ya ce awakin da ke kiwo a wurin ba sa cikin kyautar. A takardar Mansur kuwa, fili da duk abin da ke tsaye a kansa tare suke tafiya. Bai san namu ba, ba mu san nasa ba.

Wannan kakar Maliki ya yi aikinsa kamar kullum, ba wanda ya ce masa komai. Da rani aka kawo waya da turakun ƙarfe aka kewaye wurin, aka cike ramuka, aka yi kujerun siminti, aka haƙa famfo, aka kafa lilo da abin sulu a kusurwar kudu. Aka ɗauki Saminu, jikan Ummi Mai Koko, gadi. Wuri ya yi kyau, gaskiya. Mata na zuwa ɗiban ruwa, masu ƙwallo suka samu fili. A bakin ƙofa aka kafa allo da dokoki, Hausa da Turanci, ciki har da cewa an hana sare itace.

Da kaka ta zagayo Maliki ya ɗauki buhun turakunsa ya nufi wurin, mata shida na biye da shi da tabarmi. Saminu ya tare shi a ƙofa, yana sosa ƙeya, ya ce, "Kawu, ka ga allon nan kuwa?" Maliki ya ce ya gani, an karanta masa, dokar masu gawayi ce, shi bai taɓa kayar da itace ba. Saminu bai iya hana shi ba, uwarsa ma tana cikin masu tabarmin. Maliki ya gama kuka ɗaya, yana kan ta biyu sai ga malamin daji a babur. Ya ga rassa a ƙasa, ya ga kuka ta koma kwal. Ya sauko da shi, ya karɓe barandamin, ya kori matan. Bayan kwana uku aka aiko masa takarda da Turanci.

Muka kai ta wurin Raphael, mai sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha. Shekararsa talatin a garin, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu, matarsa Dorothy ma a wurin Maliki take karɓar kuka. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Maliki, ashe babban ɓarawo muke zaune da shi. Gwamnati ta ce ka yi mata ta'adi a dukiya."

Maliki ya ce, "Karanta da kyau, kada ka sa mini jabu irin kayan shagonka."

Raphael ya yi dariya, sannan ya yi mana bayani a tsanake. Ana neman Maliki gaban kwamitin filaye da gandun daji a sakatariya, nan da mako uku. Kafin nan kada ya sake taɓa ko ganye ɗaya. Maliki ya lissafa da yatsu ya ce mako uku ganye ya zube. Haka kuwa aka yi. Wannan shekara gidaje sun fi arba'in da ba su shanya kuka ba. Aka koma sayen garin kasuwa, wanda ba ka san da me aka haɗa shi ba. Mata suka fara kallon Maliki kamar shi ya jawo, maza kuma suka fara kallona.

Na bi shi sakatariya, tunda bakina ne ya faɗi maganar. Shugabar kwamitin wata ce Hajiya Amatullah, ta sashen gona. Mansur na gefenta da takardar da muka dangwala. Ya gaishe ni har da rusunawa, sannan ya ce, "Baba, ba kai ka ce mini wurin ba na kowa ba ne?" Na ce ni ne, kuma ko yau ya tambaye ni ƙasar wurin haka zan ce. Na yi masa bayanin tsamiyata. Ya ce bai taɓa jin haka ba, shi a cikin birni ya tashi. Hajiya ta ce ita ta ji, a ƙauyensu wajen Dutsi haka ake yi, kakarta ma ta mutu ta bar ɗorawa a gonar mutane.

Malamin daji ya kawo hotunan kukar da aka aske a wayarsa, ya ce a dubi yadda aka lalata ta. Maliki ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan kukar ubansa ya yi mata haka shekara talatin, shi ya yi mata shekara arba'in, in lalacewa ce da ta gama. Ya ce a je a gan ta da ruwan farko. Iyakar abin da ya faɗa ke nan ranar.

Hajiya ta ce kwamiti ba zai iya warware abin da majalisar ƙaramar hukuma ta zartar ba, fili ya zama na jama'a. Abin da za su iya shi ne su gyara dokokin wurin, su kai wa majalisa ta amince. Amma sai an san masu kukokin a rubuce. Mansur ya ba Maliki takarda mai layi ashirin da uku, kowane layi suna ɗaya da wurin dangwale. Aka mayar masa da barandaminsa, aka ce ya dawo bayan wata ɗaya.

Wannan takarda ta fi malamin daji tayar da hankali. Da labari ya bazu cewa suna ɗaya za a rubuta, sai gari ya rikice. Jikokin Sadiq Maƙeri biyu, waɗanda shekara da shekaru ɗaya ke ɗaukar gabas ɗaya yamma ba wanda ya ji kansu, suka daina gaisawa. Wani da ya yi shekara ashirin a Kano bai aiko ko gaisuwa ba, ya bugo waya yana cewa shi ne babba, sunansa za a sa. Wata bazawara ta zo ƙofar gidan Maliki ta zauna tun hantsi, ta ce ta san in aka rubuta sunan wanta, ita da 'ya'yanta sun fita ke nan. Maliki ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin tabarma. Duk wanda ya zo sai ya ce bai iya rubutu ba, wanda kuwa gaskiya ne.

Ranar komawa ya miƙa wa Mansur takardar ba ko ɗigo a kanta, ya ce ya rubuta, shi zai faɗa. Ya fara daga ta bakin ƙofa ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yana tafiya a wurin. Mansur ya rubuta har ashirin da uku, sannan ya ce to sai a turo su su dangwala, a fara da Sadiq Maƙeri.

Maliki ya ce, "Ya rasu kafin a haifi babanka."

Mansur ya ce Ummi Mai Koko fa? Maliki ya ce ita ta riga Sadiq. Mansur ya ajiye biro ya ce, "Baba Maliki, a cikin mutanen nan wa ke da rai?" Maliki ya ce mutum ɗaya, Iya, mahaifiyarsa, ita ce layi na goma sha tara. Ubanta ne ya ba ta kukar ita kaɗai lokacin da aka raba wa maza gonaki. Sauran kuwa, in ya sa sunan mai rai ɗaya, ya cire goma.

Mansur ya ce hukuma ba ta ba matattu izini. Hajiya ta karɓi takardar ta duba, ta soke inda aka rubuta "mai ita" a sama, ta rubuta "sunan kuka". Ta ce izinin a ba mai hawa, dagaci ya zama shaida, rabo kuma a bar wa masu shi yadda suka saba. Mansur ya ce bai taɓa ganin irin wannan takarda ba. Ta ce ai ya gani yanzu.

Sai da aka shiga damina sannan aka sake kiranmu, aka karanta mana sharuɗɗan. Kwana goma sha biyar a shekara, a rufe wurin Maliki ya yi aikinsa. Duk turken da ya kafa ya cire shi kafin ya bar kukar, kada yara su hau. Na uku kuma, kukoki biyar da ke kusurwar kudu, inda aka kafa lilo, ba za a taɓa su ba har abada, domin saboda inuwarsu aka zaɓi wurin.

Mansur ya karanto sunayen biyar ɗin. Huɗu masu ɗacin nan ne. Ba mamaki, su ba a aske su, shi ya sa inuwarsu ta fi, shi ya sa idonsa ya faɗa kansu ranar awo. Ta biyar kukar Iya ce. Ita ba ɗaci gare ta ba, duk kufai babu mai ganyenta. Abin da ya faru, wasu masu raƙuma sun taɓa yi mata mugun sara, sai Maliki ya hutar da ita shekara biyu don ta farfaɗo. A tsakiyar hutun nan Mansur ya zo, ya same ta ta yi lif, ya sa aka kafa babban lilon a gindinta.

Maliki ya roƙa a matsar da lilon. Mansur ya ce an zuba siminti, ba shi da ikon fasa shi. Hajiya ta ce da ƙyar majalisa ta yarda da sha takwas, wasu kansiloli cewa suka yi a hana gaba ɗaya. In yana so a sake kai maganar kukar Iya, za ta kai, amma sai takardar duka ta jira zama na gaba, kuma ba ta ce za a zauna kafin kaka ba. Ta ce, "Malam Maliki, zaɓi naka ne. Ko ka dangwala yau, ko mu jira."

Ya dubo ni. Na kau da kai, na riga na yi magana sau ɗaya a kan wurin nan. Ya tambaya ko sauran sha takwas ɗin tabbas ne bana. Ta ce tabbas. Ya miƙa babban yatsansa.

Ni na raka shi wurin Iya, don ya ce ba zai shiga shi kaɗai ba. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Muka same ta tana ɓarar gyaɗa. Ya durƙusa ya faɗa mata daga farko har ƙarshe, bai rage ba. Ta ci gaba da ɓararta. Can ta tambaya gida nawa za su shanya bana. Ya ce duk waɗanda suka saba. Ta ce, "Sai ni." Ya ce sai ita. Ta juyo wajena ta ce, "Kai kuma ɗan nan, an ce kai ka bayar." Na ce ni ne, Iya. Ta ce halin uwata na ɗauko, ita ma haka take, kyauta da abin mutane.

Kaka uku ke nan ana yi a kan wannan takarda. Cire turaku ya ninka masa aiki, domin yana saukowa yana girgiza na sama da shi yana zarewa, ƙafa ɗaya a kan turke, ga ƙugun da ba shi da lafiya. Shekarar farko kwana sha biyar ɗin ba su ishe shi ba, kuka biyu suka rage, masu su suka haƙura. Daga baya ya gane ya riƙa kafa su ba zurfi sosai, yana shafa musu man gyaɗa. Bana a kwana sha huɗu ya gama. Jikokin Sadiq sun koma gaisawa, gabas da yamma kamar da.

Iya ba ta taɓa shiga wurin ba. Saminu ya zo har gida ya ce duk ranar da take so zai buɗe mata ta zauna a gindin kukarta. Ta ce ba za ta nemi izinin jikan Ummi ba kafin ta ga abin ubanta. Wasu gidaje sun aiko mata da kwando-kwando, ta mayar, ta ce ita ba mabaraciya ba ce. Daga ladan Maliki take ci, wannan ta ce haƙƙinta ne tunda ita ta haife shi. Yakan ware mata na kukar Ummi, ya ce ita ce ta fi kusa da tata a baki. Makon jiya na shiga gaishe ta na tarar an kawo mata tuwo da miyar sabon ganye. Ta ɗanɗana, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Maliki na tsaye a bakin ƙofa yana jira. Ta ce wa matarsa ta ƙaro mata daddawa.